Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa Kan Babban Baƙi da Ƙaramin Baƙi a Littattafan Tsaron Shafukan Intanet

Kakuri,
Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga
Mai Girma Babban Sakatare,
Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE,
Titin Bida, Kaduna.



Babban baƙi da ƙaramin baƙi sauti ɗaya suke bayarwa a baki, amma kwamfuta ba ta ɗauke su abu ɗaya ba. A tsarin ASCII, wanda aka daidaita a Amurka cikin shekarun 1960 kuma har yau shi ne tushen yadda na'ura take gane haruffan boko, lambar A ita ce 65, ta a kuwa 97. Wannan tazara ba ta fitowa idan malami yana bayani a gaban aji, sai a lokacin da manhajar kwamfuta take kwatanta abin da aka rubuta mata da abin da take jira. Saboda haka, a littattafan da ke koyar da tsaron shafukan intanet, zaɓen babban baƙi ko ƙarami wani sashe ne na ma'anar umarnin kansa. Wannan wasiƙa tana bayanin yadda lamarin yake, sannan tana roƙon Hukumar ta kafa rubutacciyar ƙa'ida guda ɗaya wadda malamai, masu fassara da masu buga takardun darasi za su bi, musamman a wuraren da ake koyar da wannan ilimi da Hausa.

Ginshiƙin manhaja da littafin jagoransa

Mai gina shafin intanet a yau ba ya haƙa harsashi da kansa. Yana ɗaukar ginshiƙin da wasu suka riga suka kafa, wanda ya ƙunshi hanyar yi wa masu amfani rajista, adana kalmar sirri, magana da rumbun bayanai da kare fom daga masu kutse, sai ya ɗora nasa ginin a kai. Daga cikin sanannun ginshiƙai akwai Django, wanda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara a ofishin wata jarida da ke garin Lawrence na jihar Kansas, aka sake shi ga jama'a a 2005, kuma da harshen Python aka rubuta shi. Akwai Laravel na harshen PHP, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011. Akwai Spring da Struts na harshen Java, waɗanda manyan kamfanoni da bankuna suke dogara da su, sai Express na masu aiki da JavaScript.

Kowane ginshiƙi yana da littafin jagora a intanet, kuma kowane littafi yana da babin tsaro. Babin nan yana lissafa saitin da za a kunna da wanda za a kashe kafin a buɗe shafi ga jama'a. Mai koyo ba ya ƙirƙiro waɗannan sunaye, kwafe su yake yi. Idan abin da ya kwafa daidai ne, ƙofa ta kullu. Idan an sauya harafi a hanya, ƙofa tana nan a buɗe alhali shi yana ganin ya sa kwaɗo. Ƙungiyar OWASP, wadda aka kafa a 2001 kuma take fitar da jerin haɗurra goma mafi muni ga manhajojin intanet, ta sanya kuskuren saiti a matsayi na biyar a jerinta na 2021.

Inda harafi yake zama umarni

Django ya isa misali. Dokarsa ita ce duk sunan saiti a rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla: SECRET_KEY, DEBUG, ALLOWED_HOSTS da sauransu. Idan ginshiƙin ya tashi karanta fayil ɗin saiti, sunayen da suke da manyan baƙaƙe kawai yake ɗauka. Duk sunan da aka gauraya da ƙaramin baƙi sai ya tsallake shi, bai ce uffan ba.

Ga yadda abin yake kasancewa a irin cibiyoyin koyar da kwamfuta da ake samu a Kakuri, Makera da Barnawa. Shago ne mai kwamfutoci kaɗan, janareta yana kuka a bakin ƙofa, malami yana bayani da Hausa, ɗalibai suna bin takardun darasi da aka yi wa fotokwafi. A asalin littafin jagora an rubuta SESSION_COOKIE_SECURE = True. Aikin wannan layi shi ne ya hana burauza aika kuki, wato ɗan bayanin da ke shaida cewa wane ya riga ya shiga asusunsa, sai ta killatacciyar hanyar HTTPS. Amma wanda ya buga takardar ya ga manyan baƙaƙe a jere sun yi masa nauyi a ido, sai ya mai da su ƙanana, manhajar buga rubutu kuma ta ɗaga harafin farko kamar yadda ta saba yi wa kowace jimla. Abin da ya isa hannun ɗalibi shi ne Session_cookie_secure. Ya kwafa harafi da harafi, ya tayar da shafi, komai ya yi aiki, malami ya duba ya ce madalla. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Django ya tsallake layin ya koma kan saitinsa na asali, wanda yake a kashe. Duk ranar da wani ya buɗe shafin ta hanyar HTTP da ba a killace ba, a kan wayifai na otal ko na makaranta, mai leƙen hanyar zai iya ɗauke kukin ya shiga asusun ba tare da ya san kalmar sirri ba.

Da a ce kuskuren a kalmar True ya faɗa, aka rubuta ta true, da Python ya tsaya cak ya ƙi tafiya, domin shi da babban baƙi ya san wannan kalma. Irin wannan kuskure mai ihu yana da sauƙi, tun a aji ake kama shi. Mai haɗarin shi ne wanda yake wucewa shiru. Django yana da umarnin duba shiri, check --deploy, wanda yake tona irin wannan gibi, amma sai wanda aka koya wa ne zai san da shi.

Bambancin bai tsaya kan sunan saiti ba. Windows, wanda yawancin ɗalibai suke aiki da shi a kwamfutar cinya, yana ɗaukar Hoto.png da hoto.png a matsayin fayil ɗaya. Linux, wanda yawancin sabobin intanet, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka, suke tafiya a kansa, yana ɗaukar su fayil biyu. Shafi zai yi lafiya lau a hannun ɗalibi, ranar da aka ɗora shi a saba sai hotuna su ɓace. A adireshin shafi, sunan gidan ba ya bambanta babba da ƙarami, amma abin da ya biyo bayan sandar karkace (/) yana iya bambantawa. Express, a saitinsa na asali, yana ganin /admin da /Admin hanya ɗaya ce. Idan mai gadin da aka ajiye a gabansa, wato tsarin da ke tace masu shigowa, an ce masa ya tare /admin kawai, kuma shi yana bambanta haruffa, to mai kutse zai ɗaga harafi ɗaya ya wuce ta gabansa. Sunayen kanun saƙo na HTTP ba sa bambantawa, amma HTTP/2, wanda aka fitar a 2015, ya wajabta a aika su da ƙananan baƙaƙe. Abin da duk wannan yake nunawa shi ne babu wata dabara ɗaya da mutum zai yi hasashe da ita. Dole a kwafo kowane suna daga tushensa yadda yake.

Ɓarakar da aka riga aka gani

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar harafi ɗaya ta isa. A ƙarshen watan Maris na 2022 aka bayyana wata babbar ɓaraka a Spring wadda aka yi wa laƙabi da Spring4Shell. Kafin kowa ya samu sabunta manhajarsa, an shawarci masu shafuka su lissafa sunayen filayen da za a hana baƙo taɓawa, kuma shawarar ta rubuta sunan sau biyu, class da Class. Dalili ya fito fili a watan Afrilu na wannan shekara, lokacin da aka yi rajistar wata ɓaraka mai lamba CVE-2022-22968: jerin hanin yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka wanda ya rubuta siga ɗaya bai kare filin ba. Aka gyara ta hanyar mai da komai ƙananan baƙaƙe kafin kwatantawa. A watan Oktoba na 2024 aka sake gano cewa gyaran ma yana da rauni, mai lamba CVE-2024-38820, domin mai da harafi ƙarami ya dogara ga harshen da aka saita na'urar. A Turkanci, alal misali, ƙaramin I wani harafi ne marar ɗigo, ba i da aka saba ba.

A watan Disamba na 2023 Struts ya fuskanci tasa, mai lamba CVE-2023-50164, inda sauya girman harafi a sunan filin ɗora fayil yake ba mai kutse damar ajiye fayil inda bai kamata ba. Irin wannan kuskure ya yawaita har kundin raunin manhajoji na CWE ya ware masa lamba ta kansa, 178. Waɗannan ginshiƙai ƙwararru ne suka rubuta su, dubban idanu suna kai, amma harafi ya kayar da su. Ɗalibin da yake koyo daga fotokwafin fotokwafi ya fi su buƙatar a tsare masa harafin.

Kalmomin wajibci

Akwai wani wuri da babban baƙi yake ɗauke da hukunci ga mutum, ba ga na'ura ba. Ƙa'idojin da intanet take tafiya a kansu ƙungiyar IETF ce take wallafa su a takardun da ake kira RFC. A 1997 Scott Bradner ya rubuta RFC 2119, wadda ta fayyace ma'anar kalmomi irin su MUST, SHOULD da MAY: na farko wajibi ne, na biyu abin so ne wanda ba a bari sai da ƙwaƙƙwaran dalili, na uku zaɓi ne. Shekara ashirin ana gardama kan ko kalmar tana da wannan nauyi idan ta zo da ƙananan baƙaƙe. A 2017 Barry Leiba ya rubuta RFC 8174, wadda ta yanke cewa sai an rubuta su da manyan baƙaƙe suke zama hukunci. Takarda guda aka wallafa don a raba gardamar girman harafi, kuma duniyar injiniyoyi ba ta ga hakan ɓata lokaci ba ne.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan rabe-rabe. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san bambancin farilla, mustahabbi da halal, ya kuma san ba a musanya su. Amma a takardun darasi na kwamfuta ana samun mai fassara ya ce "ya kamata" a shafi na biyu, ya ce "dole" a shafi na biyar, alhali kalma ɗaya yake fassarawa. Ana buƙatar a tsayar da kalmomi uku, DOLE, YA KAMATA da ANA IYA, a rubuta su da manyan baƙaƙe duk inda suke ɗauke da hukunci, a kuma bayyana haka a shafin farko na kowane littafi.

Sunayen kaya, gajerun sunaye da kalmomin yau da kullum

Rukuni na gaba shi ne kalmomin da na'ura ba ta karantawa, amma idon mai karatu yake dogara da su. Masu kula da littafin jagoran Django sun tanadi jerin kalmomin da aka fi amfani da su da yadda za a rubuta kowace: sunan ginshiƙin da babban D a cikin bayani, da ƙaramin d a cikin kod, wato rubutun umarnin manhaja. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya daɗe yana rubuta kalmar intanet ta Turanci da babban baƙi, sai a ranar 1 ga Yuni, 2016 ya mai da ita ƙarami, domin ta zama abin amfanin kowa kamar rediyo da tarho. Abin lura a nan shi ne an yanke shawara, an rubuta ta, an sanar da ranar fara aiki da ita.

Amfanin wannan daidaito ga tsaro yana da fuska biyu. Ta farko, mai karatu da ya ga Kuki a wani sakin layi, kuki a wani, KUKI a na uku, zai tsaya yana tambayar kansa ko abubuwa uku ne. Idan kuwa ya saba ganin haruffa suna hawa da sauka ba dalili, zai daina kula da su gaba ɗaya, ranar da ya haɗu da sunan saiti sai ya yi masa irin riƙon da ya saba. Ta biyu ta shafi jama'ar gari. 'Yan damfara suna cin kasuwarsu ne a kan kamannin haruffa. Tun a shekarar 2000 aka ga shafin bogi da ya kwaikwayi PayPal ta hanyar sa babban I a gurbin ƙaramin l, domin a rubutun allo da yawa su biyun ba su da maraba. Mai sana'ar POS a kasuwar Kakuri, wanda saƙonni suke shigo masa ana neman BVN, NIN, PIN ko OTP, yana da makami ɗaya mai araha: idon da ya saba da yadda hukuma da banki suke rubuta sunayensu. Idan takardun wayar da kai na gaskiya su ma suna rubuta Bvn yau, bvn gobe, an dusashe wannan makami, saƙon ɓarawo da na banki sun zama launi ɗaya.

Abin da ƙa'idojin rubutun Hausa suka riga suka tanada

Babban baƙi ya shigo Hausa ne tare da boko, domin ajami bai san shi ba. Tun daga lokacin ake aikin daidaita shi. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya wallafa ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta tabbatar da haruffa masu lanƙwasa, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai su gidajen jama'a. An kafa Hukumar Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 don kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 1969, ta ci gaba da wannan hidima har ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006.

Dokar da aka gada a bayyane take. Ana sa babban baƙi a farkon jimla, da sunan Allah, da sunan mutum, gari, ƙasa, rana, wata da hukuma. Sunan abu gama-gari ƙaramin baƙi yake ɗauka. A tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts harafin farko kaɗai ake ɗagawa, a 'y kuwa y ɗin ake ɗagawa bayan alamar. Bisa wannan, kwamfuta, intanet, burauza, saba, kuki, fayil da kalmar sirri duk ƙananan baƙaƙe ne nasu, kamar mota da keke. Babu dalilin ɗaga su don kawai daga waje suka zo. Abin da dokar ba ta taɓo ba, domin babu shi a zamanin da aka tsara ta, shi ne sunan da na'ura take karantawa. Idan jimla ta fara da irin wannan suna, dokar farkon jimla tana cewa a ɗaga harafi, dokar na'ura tana cewa kada a taɓa. Maganin shi ne a sake gina jimlar ta yadda sunan ba zai zo a farko ba: a ce "umarnin pip yana girka manhaja", kada a fara da sunan umarnin.

Haruffa masu lanƙwasa suna da tasu matsalar. Ƙ, Ɗ, Ɓ da Ƴ ta Nijar ba sa cikin ASCII. A Unicode suke, kuma kowanne yana da lambar babba da ta ƙarami. A harshen PHP, umarnin strtoupper haruffan ASCII kaɗai ya sani, don haka idan aka ba shi ƙasa zai dawo da ƙASA, ya bar harafin farko a ƙasa. Sai an yi amfani da mb_strtoupper ake samun ƘASA. Manhajar da take kwatanta sunayen masu amfani da umarnin da bai dace ba tana iya ɗaukar mutum ɗaya a matsayin biyu, wadda take share lanƙwasa kuma tana iya haɗe mutum biyu su zama ɗaya. Darasin da Turkanci ya koya wa Spring yana jiran duk wanda zai gina shafin rajistar ɗalibai, asibiti ko ƙungiyar adashi ga masu suna Ɗanladi, Ɗahiru da Ƙasimu. Babu littafin jagora na waje da zai kawo wannan misali, sai an rubuta shi a nan gida.

Dalilin da ya sa maganar ta taso daga Kakuri

Kakuri unguwar masana'antu ce, kuma mutanenta sun san darajar ma'auni. A nan masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. A nan aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON a 1964, a nan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Duk wanda ya yi aiki a layin harhaɗa mota ya san noti mai lamba 12 ba ya shiga gurbin mai lamba 13, kuma lambar kayan gyara ba a rubuta ta da ka. Bakanike a Kakuri ba ya jayayya da wannan, domin ya ga abin da kuskuren zare ɗaya yake yi wa inji.

Masaƙun sun durƙushe, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, wasu suka biyo baya. 'Ya'ya da jikokin ma'aikatan su ne a yau suke neman abinci ta hanyar kwamfuta da waya, suna gina wa makarantu masu zaman kansu, shaguna da ƙungiyoyi shafuka. Shafukan nan suna riƙe da sunayen mutane, lambobin waya da bayanan biyan kuɗi. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 sun ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai. Matashin da aka koyar da takarda mai kuskure shi zai ɗauki laifin, alhali ya yi biyayya ne ga abin da aka ba shi.

Hukumar NBTE ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. Tun kafa ta a 1977 take tsara manhajar karatu da tantance kwasa-kwasan kwalejojin fasaha, kuma ita take kula da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga masu sana'ar hannu da suka koya a wajen aji. A 2024 ta raba babbar difloma ta ilimin kwamfuta gida huɗu, ciki har da fannin gina manhaja da shafukan intanet da fannin tsaron intanet da kare bayanai. Sababbin fannoni suna nufin sababbin littattafai, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce da Turanci ake karatu a kwalejojin fasaha, don haka zancen Hausa bai taso ba. Amsar ita ce takarda da Turanci take, amma bayani da Hausa yake gudana, a aji, a zauren WhatsApp, a bidiyon YouTube da shirye-shiryen rediyo, kuma malamai da dama sun riga sun fara rubuta darussansu da Hausa, kowa da irin tasa ƙa'idar. Ban da haka, dokar kwafo sunan saiti yadda yake ba ruwanta da harshe; takardar Turanci da aka buga da sakaci tana da haɗari daidai da ta Hausa.

Abubuwan da ake roƙo

Na farko, Hukumar ta fitar da taƙaitacciyar ƙa'ida da za ta raba kalmomin fasaha gida huɗu. Sunan da na'ura take karantawa, a kwafe shi harafi da harafi. Sunan kaya da gajeren suna, irin su Django, Laravel, JavaScript, HTTPS da BVN, a bar su yadda masu su suke rubutawa. Kalmar da aka Hausantar ko aka fassara, a bi da ita bisa ƙa'idojin rubutun Hausa. Kalmomin wajibci uku, a ɗaga su duk inda suke hukunci.

Na biyu, a haɗa ƙaramin ƙamus na kalmomin tsaron intanet, kowace kalma da asalinta, da Hausarta guda ɗaya, da sigar haruffanta. Aikin yana buƙatar masana harshe da masu rubuta kod a tebur ɗaya: Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Kwalejin Fasaha ta Kaduna da hukumar NITDA, tare da gayyatar masana daga Nijar domin ƙamus ɗin ya yi amfani har Maraɗi da Damagaram.

Na uku, a wajabta wa duk littafi ko takardar darasi da Hukumar za ta amince da ita cewa a buga kod da salon rubutu na daban wanda yake raba babban I da ƙaramin l, da sifili da O, a kashe gyaran kai-tsaye na manhajar buga rubutu, kuma a gwada kowane misali a kwamfuta daga bugun ƙarshe kafin a kai shi ɗab'i.

Na huɗu, a sa darasi na musamman kan bambancin babban baƙi da ƙarami, da Unicode, da haruffan Hausa masu lanƙwasa a manhajar karatun sababbin fannonin nan, a kuma jarraba shi a aikace: a ba ɗalibi fayil ɗin saiti mai kuskuren harafi ɗaya, a ce ya nemo.

Na biyar, masu zuwa tantance kwasa-kwasai su riƙa ɗaukar takardun darasi suna kwatanta su da asalin littafin jagora. A ɗora ƙa'idar da ƙamus ɗin a shafin Hukumar kyauta, a riƙa duba su duk shekara, domin ginshiƙai suna sauyawa kuma sababbin kalmomi suna shigowa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar sabon gini ko sayen na'ura daga waje. Kwamiti ne na 'yan watanni, da takarda mai shafuka kaɗan, da sa hannun mai iko. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fanni maganin yakan zo ne bayan an kwashe kuɗin talaka ko an watsa sirrinsa. Ana roƙon Mai Girma Babban Sakatare ya kafa wannan kwamiti, ya tsayar masa da wa'adi, domin ɗalibin da zai zauna gaban kwamfuta a Kakuri ya kwafi abin da yake daidai tun daga darasinsa na farko.

Allah ya yi jagora, ya ƙara wa Hukumar basira.

Huza wassalam.

Daga wani mai koyar da ilimin kwamfuta,
Kakuri, Kaduna.